Ranar da Na-Sani Ya Gyara Kwamfutar Baba

Jama'a, duk wadda take da manemi mai yawan cewa "na sani", ta tashi yanzu ta ɓoye duk wani abu mai maɓalli a gidansu, sannan ta dawo mu yi hira. Ni ban ɓoye ba, shi ya sa yau nake da labari.

Shekaruna ashirin da bakwai, ni ce auta a gidanmu, kuma gyaran kwamfuta nake yi a wani shago mai tebur uku da fanka ɗaya da take kuka kamar ana yi mata dole. Babana, Allah ya jiƙansa, malamin lissafi ne da ya yi ritaya. Shi ya sa mini suna Injiniya tun ranar da na kwance rediyonsa ina 'yar shekara tara na kasa mayarwa. Wata takwas ke nan da rasuwarsa. Daga ni sai Mama muka rage a gidan, sai kuma Goggo, ƙanwar Baba, wadda gidanta yake wata unguwa can amma takalminta kullum yana bakin ƙofarmu.

Goggo aiki ɗaya ta sa a gaba a duniya: ta ga na auri ɗan ƙawarta. Kada ku ce ana yi mini dole, Goggo ba ta dole. Ita dai ambaton abu take yi sau arba'in a yini har ka fara zaton kai ka ƙirƙiro shi. Mutumin kuwa ni na sa masa Na-Sani, don ko cewa ka yi ƙafarka na ciwo zai ce ya sani. Farar riga mai karin guga, wayoyi biyu, agogon da ke ƙirga masa taku, da turaren da ke riga shi yin sallama.

"Yaya da bakinsa ya ce yaron nan ba ya rasa amsa," in ji Goggo, kusan kullum. "Ke in ba ki ji tawa ba, ai kya ji ta mahaifinki."

Wannan maganar ce take kashe mini baki. Wa zai yi musu da wanda ba ya nan?

To, akwai kwamfutar Baba. Tsohuwar laftof ce baƙa, haruffa huɗu sun goge a jikin maɓallanta, kusurwa ɗaya an ɗaure da salatif. Tana kan ƙaramin tebur a falo kusa da taga, gidan tabaransa yana gefenta har yau. Bayan ritaya Baba ya zauna yana rubuta labarin rayuwarsa a cikinta, babi bayan babi, da yatsa biyu. Ya kai babi na tara, inda ya haɗu da Mama, ya rubuta shafi guda, ciwo ya kwantar da shi. Jimlar ƙarshe ma bai ƙarasa ba. Ga yadda ta tsaya: "Ranar da na fara ganinta tana tsaye a bakin ƙofa, tana riƙe da". Ko aya babu.

Kowace safiya Mama tana gama shan shayi za ta zauna a kujerarsa, ta kunna, ta jira minti huɗu cur kafin kwamfutar ta gama miƙa ta tashi, ta karanta shafin nan, ta rufe. Na taɓa cewa bari in sa mata abin da zai ƙara mata sauri. Ta ce, "Bar ta, Auta. Shi ma haka yake, sai ya gama shirinsa." Daga ranar ban sake tayar da zancen ba.

Ranar Asabar rabin yini muke yi a shago. Wajen ƙarfe sha ɗaya wayata ta yi ƙara, saƙon Na-Sani ne, da hoton fure har uku:

"Gimbiya, na shirya miki abin mamaki a gida. Yau za ki san ba ke kaɗai ce injiniya ba."

Na karanta sau biyu. Na kira, bai ɗauka ba. Na kira Mama, wayarta tana caji a ɗaki kamar kullum. Abokin aikina da ke tebur na biyu ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau.

"Lafiya?"

"Ina fata," na ce, ina tura kayana a jaka.

Shi wannan Kin-Gwada nake ce masa. Dogo ne, mara magana, rigunansa uku ne a duniya kuma dukansu ruwan toka. Shekara uku muna aiki tare, kuma duk aikin da na ce na gama, tambayarsa ɗaya ce: "Kin gwada?" Ko shayi na haɗa sai in ji kamar zai tambaya.

Da na isa gida, turare ne ya fara tarbata a tsakar gida. A falo Goggo ta hakince a doguwar kujera cikin koriyar riga mai duwatsu, mayafi a kafaɗa, fuskarta tana ƙyalli irin na wadda ta ci zaɓe. Na-Sani yana zaune a kujerar Baba, ya naɗe hannun riga. Mama tana tsaye a bakin ƙofar kicin riƙe da faranti da kofuna, kuma daga yadda take riƙe da shi na san tun ɗazu take tsaye a wurin.

"Ga ta nan!" in ji Goggo. "Zo ki ga aiki. Abin da kika kasa wata takwas, yaron nan ya yi cikin awa biyu."

Na-Sani ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Shuɗin bango, fes, babu komai sai kwandon shara a kusurwa. Babu hoton da Baba ya sa na mu uku a bakin ruwa. Babu foldojinsa da ya warwatsa ko'ina kamar kayan da aka zubar daga jaka.

"Sakan ashirin take tashi yanzu," ya ce. "Na ga Mama tana ta jira, tausayi ya kama ni. Fomatin na yi mata, na goge komai na zuba sabuwar manhaja."

"Ka kwashe abin da ke ciki kafin ka yi?"

"Tarkace ne ai suka cika ta. Su ke sa nauyi."

"Wace irin gogewa ka zaɓa? Ta sama-sama?"

Ya yi dariya, har da gyara zama. "Haba, sai ka ce ɗan koyo. Mai zurfin na yi, wadda ko ƙwararru ba sa iya dawo da komai. Saboda bairos, cutar kwamfuta."

Madalla. Da a ce rago ne, da ya yi ta sama-sama na tono komai kafin la'asar. Amma Allah ya haɗa ni da mai himma.

"Ni cewa ya yi zai share mata ƙura," in ji Mama a hankali. Ba ni take kallo ba, shuɗin bangon take kallo. "Auta, shafin yana ciki ko?"

Wallahi a lokacin na ji kamar in ɗauki farantin nan in gwada ƙarfinsa a kan agogo mai ƙirga taku. Amma sai wani abu ya fi fushi daɗi a raina, wato girman kai. Na ajiye jaka, na gyara ɗankwali, na ce, "Mama, zauna. Ina da hoton faifanta."

Bari in yi muku bayani yadda nake yi wa masu kawo gyara. Hoton faifai ba kwafe fayil ɗaya-ɗaya ba ne. Ana ɗauke duk abin da ke cikin faifan kwamfuta ne a dunƙule, da manhaja, da rubuce-rubuce, da hoton bango, har da inda mai ita ya jefar da kowace folda, a zuba a fayil guda a wani faifan na waje. Ranar da tsautsayi ya faɗo sai a mayar, kwamfuta ta tashi daidai yadda take a ranar da aka ɗauka. Abin da aka yi bayan wannan rana kuwa, sai haƙuri. Ni kuma na ɗauki nawa kwana shida bayan rasuwar Baba, don haka babu abin da zai ɓata.

"Na sani," in ji Na-Sani. "Dama ina shirin tambayarki ko kina da shi."

Na shiga ɗaki na ɗauko faifan a ƙasan mayafaina cikin durowa, tare da filashin da nake tayar da kwamfuta da shi in za a yi irin wannan aikin. Na ce masa ya ba ni wuri, ya tashi da kyar. Na jona, na zaɓi fayil ɗin, na danna. Koren layi ya fara tafiya. Ni kuwa har da harɗe ƙafa, ina yi wa Goggo lacca a kan cewa mai hankali ba ya taɓa kayan mutane sai ya ajiye madadinsu. Kashi ashirin. Kashi arba'in. Mama ta zauna a hannun kujera tana murza bakin mayafinta.

A kashi sittin da ɗaya layin ya tsaya. Wani jan rubutu ya fito: fayil ɗin bai cika ba, ba za a iya ci gaba ba.

"Waya ce," na ce. Na sauya wayar da ta jona faifan, na sake daga farko. Minti ashirin da biyar muna bin layin da ido, har Goggo. Sittin da ɗaya, ja.

To, ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ku ne na farko. Ranar da na ɗauki hoton nan gidanmu cike yake da masu gaisuwa. Na jona faifan ina kuka, na zauna ina kallon layin ta cikin hawaye, sai aka ƙwala mini kira daga waje wai wasu sun zo. Na ga layin kamar ya kai ƙarshe, na fizge wayar, na rufe kwamfutar na fita. Ban karanta abin da ta rubuta ba. Kuma dokar aikinmu ta farko ita ce, in ka ɗauki hoto ka gwada mayar da shi a wani faifan ka ga ya tashi, in ba haka ba ba ka da komai sai fata. Ni da nake faɗa wa mutane wannan kullum har suna gajiya da ni, wata takwas ban gwada ba, don gwadawa na nufin in zauna ni kaɗai in ga kayan Baba suna buɗewa a gabana, kuma ba zan iya ba. Da na koma aiki bayan rasuwar na ce wa Kin-Gwada na ɗauki hoto, ya yi tambayarsa ta kullum. Na dubi tsabar idonsa na ce, "Na gwada."

"Ina ganin faifan naki ne na bogi," in ji Na-Sani. "Da kin tambaye ni..."

Ban tsaya jin sauran ba. Na shige kicin na jingina da firji, na rubuta wa Kin-Gwada saƙo:

"Hoton kwamfutar Baba ya lalace. An yi mata fomatin. Ƙarya na yi maka, ban gwada ba."

Na jira ya rubuto abin da na cancanta. Minti ɗaya, sai ga amsa:

"Ina shago, ban rufe ba. Taho da ita."

Na sa kwamfutar a jaka na ce wa Mama ina zuwa. Goggo tana cewa yaron nan ya kai ni a motarsa, na ce na gode, ya yi aikin da ya isa na yau.

A shago na tarar ya share teburinsa, ya ajiye wani faifai a tsakiya. Jikinsa da farar takarda, da rubutunsa mai kama da na injin buga takardu: "Baban Injiniya. An gwada." Da kwanan wata a ƙasa, wata biyar kafin rasuwar.

Sai na tuna. A shekarar ƙarshe Baba ya kawo kwamfutar nan shagonmu har sau uku, kuma kullum sai ranar da na fita aikin waje. A littafin shago nake ganin sunansa. Abin ya ƙona mini rai ƙwarai a lokacin: ga 'yarka a gida tana gyara wa duniya, kai kuma ka ɗauko ka kawo wa wani. Na ɗauka bai yarda da hannuna ba ne, tun daga zancen rediyo. Ban taɓa tambayarsa ba, fushi kawai na yi na kwana biyu ina kai masa shayi ba magana.

"Ai wata ɗaya muke ajiye hoton masu gyara mu goge," na ce. "Ya aka yi wannan ya kwana?"

"Shi ya ce in ajiye."

"Don me?"

Ya ɗan sosa gira. "Cewa ya yi kina da hannu mai kyau, amma wata rana za ki yi gaggawa."

Na zauna a kujerar masu jira, na rufe fuska da mayafi na yi kukana mai isata. Bai ce in yi haƙuri ba, bai ce ai ya faɗa mini ba. Da ma ya faɗa, da na sami wanda zan yi wa masifa in ji sanyi. Shi dai ya jona wayoyinsa, ya juyo ya ce, "In fara? Zai goge abin da ke kanta yanzu."

"Abin da ke kanta yanzu kwandon shara ne."

"Duk da haka. Taki ce."

"Fara."

Minti arba'in muna zaune, fanka tana kukanta. Da layin ya zo sittin da ɗaya na zuba masa ido, ya wuce abinsa ko a jikinsa. Da ya cika ɗari, Kin-Gwada ya karanta saƙon da ya fito har ƙarshe, da yatsa yana bin layi, ina ganin don ni ya yi. Sannan ya cire wayoyin ya rufe murfin.

"Ba za ka kunna ka gani ba? Kai da gwaji?"

"Na gwada shi a gabansa tun a lokacin. Yau ba ni ya kamata in fara gani ba." Ya miƙo mini. "Amma ki sani, wata biyar babu a ciki. Ki gaya wa Mama kafin ta nema."

Da na koma, har yanzu suna nan. Na-Sani yana yi wa Goggo bayanin yadda faifai ke lalacewa. Na ajiye kwamfutar a wurinta kusa da gidan tabarau, na ja wa Mama kujerar Baba, na ce ta kunna da kanta.

Minti huɗu cur. Ban taɓa jin daɗin jinkiri irin na ranar ba. Sai ga mu nan mu uku a bakin ruwa, Baba ya runtse ido ɗaya saboda rana, ga foldoji a warwatse har kan fuskata. Mama ta sa tafin hannu a bakinta. Ta kai hannu za ta buɗe littafin, na durƙusa a gefenta na riƙe hannun.

"Mama, tsaya. Wannan tsohon hoto ne. Littafin a babi na shida ya tsaya. Na bakwai da na takwas da shafinki ba sa ciki, kuma ba za su dawo ba. Shi ya goge, amma ni ce na ce ina da madadi alhali ban duba ba. Laifina ne."

Ta buɗe duk da haka. Ta gangara har ƙasa, ta ga inda ya tsaya, ta sake hawa sama, ta sake gangarowa, kamar mai neman ɗan kunne a inda ta riga ta duba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Goggo, wadda shiru ke sa wa ƙaiƙayi, ta leƙo ta kafaɗarmu. "Wancan kuma mene ne? Ga sunanki can a gefe."

A kusurwar dama akwai wani fayil da ban taɓa gani ba, kuma na san fuskar kwamfutar nan kamar tafin hannuna. Ke nan Baba ya goge shi daga baya. Hoton faifai kuwa ba shi da kara, abin da ke nan a ranar da aka ɗauka shi zai dawo maka da shi, har wanda ka yi niyyar ɓoyewa. Sunan fayil ɗin: "Samarin Injiniya, zango na biyu".

"Kada a buɗe," na ce. "Tunda ya goge..."

Ina! Hannun Na-Sani ya riga ya tsallaka ta kaina ya danna sau biyu. Mutumin nan ko a asibiti aka kwantar da shi sai ya taɓa na'urar maƙwabcinsa.

Jadawali ne irin na sakamakon jarrabawa, da layuka da gidaje, da wurin maki, da wurin sharhin malami. Sunayensu na gaskiya ya sa, ni ce nake sakaya muku. Na farko wani mai kantin magani da ya yi zarya bara waccan: biyar cikin goma, "Zai iya ƙara ƙoƙari." Na biyu ɗan maƙwabtanmu: huɗu, "Yana zuwa a makare, yana tafiya da wuri." Goggo ce take karantawa da ƙarfi tana dariya, har ta zo layi na uku muryarta ta fara raguwa, amma ta riga ta ɗauko, babu birki:

"Ba ya rasa amsa, ko da ba a yi tambaya ba. Uku."

Kun ji inda maganar Goggo ta samo asali. Rabin jimlar ta riƙe shekara guda tana dukana da shi, sauran rabin ta bar wa Baba.

Na-Sani ya dubi agogonsa, wataƙila yana duba taku nawa ne zuwa ƙofa. Karo na farko tun da na san shi aka faɗi abu bai ce ya sani ba.

"Ai Yaya dama rowar maki gare shi," in ji Goggo, tana gyara mayafi. "Ukunsa bakwai ɗin wani ne."

"Akwai saura," in ji Mama. Ita ta karanta na ƙarshe, a hankali. Babu suna a wannan, "Abokin aikinta" kawai ya rubuta. "Ya tambaye ni kafin ya taɓa. Na kai masa lafiyayyar kwamfuta sau biyu, sau biyu yana ce mini lafiyarta ƙalau. Idan an ambaci Injiniya sai ya kama gyara abin da ba ya buƙatar gyara. Tara."

Sai Mama ta fashe da dariya. Wata takwas ban ji wannan dariyar ba. Ta yi ta yi har ta kifa kai a tebur, kafaɗunta suna rawa, daga nan ban san inda dariyar ta ƙare kuka ya karɓa ba. "Shi ne wallahi," take cewa. "Shi ne. Ni ma sai da ya ba ni maki a kan ɗinkin labulen nan."

Ni kuwa ina durƙushe, kunnuwana sun yi zafi. Ashe ba hannuna ne Baba bai yarda da shi ba, jarrabawa yake zuwa yi wa mutum a bayan idona, ni ina nan ina kai masa shayi da kumburarren baki.

Na-Sani ya tuna yana da wani taro. Goggo ta raka shi, kuma abin mamaki, takalminta bai dawo ba ranar.

Bayan la'asar, rana ta sauko ta taga ta kwanta a kan teburin, Mama ta wanke fuska ta dawo. Ta tashe ni daga inda nake zaune ina jiran hukunci, ta zaunar da ni a kujerar Baba, ita ta tsaya a bayana.

"Buɗe sabon shafi. Rubuta: Babi na tara."

Na rubuta.

"Shekara ta biyu da fara koyarwata, wandona na zuwa aiki ya yage a gwiwa, kuma shi ke nan gare ni." Ta dakata. "Akwai waƙafi bayan gwiwa, kin sa?"

Na juyo na dube ta. Idonta a rufe yake.

"Rubuta mana, ke da gaggawa."

Haka ta yi ta jero shi, layi bayan layi, yadda aka kwatanta masa shagon ɗinki a bayan makaranta, yadda ya tafi yana kare gwiwar da littafin rajista, har da wata kalma da ya rubuta ba daidai ba, ta ce in bar ta yadda ya yi ta. Safiya ɗari biyu da wani abu tana karanta shafin nan, ashe ya daɗe da komawa inda babu mai yi masa fomatin. Babi na bakwai da na takwas kam sun tafi, sau ɗaya ta taɓa karanta su, kuma wannan zai zauna mini a wuya har in mutu. Amma shafinta ya dawo.

"Ranar da na fara ganinta tana tsaye a bakin ƙofa, tana riƙe da."

Nan ta tsaya. Yatsuna suna kan maɓallan.

"Da me, Mama? Ke ai kin sani. In ƙarasa?"

"Na sani," ta ce, sai muka dubi juna muka yi dariya mu biyu, don kalmar ta riga ta lalace a gidanmu. Ta dafa kafaɗata. "Inda ya tsaya nan za mu tsaya. Kada ki sa aya."

Na adana. Na ce gobe zan ɗauki sabon hoto, guda biyu ma, kuma zan gwada kowanne a gabanta.

"Ba ke za ki ɗauka ba," in ji Mama, tana rufe murfin a hankali. "Ki ce wa mai tara ɗin nan ya zo gida ya ɗauka da kansa. Ina so in ga inda maki ɗayan ya maƙale."

"Mama!"

"Kin ji ni ai."

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Na rubuta saƙo na goge, na rubuta na goge, ni da ban taɓa rasa abin faɗa ba. Daga ƙarshe na tura masa a bushe, kamar takardar ofis:

"Ta tashi lafiya. Mama ta ce ka zo gida ka ɗauki sabon hoto. Aiki ne kawai."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Mutumin da duk zancensa a shekara uku bai cika shafi ɗaya ba, ya shafe minti shida yana rubutu. Sannan saƙon ya shigo:

"Zan zo. Zuwan Baba shago na uku na tambaye shi izinin zuwa gidanku. Ya ce in jira sai ranar da kika kira ni da kanki, kuma ya ce za ki ce aiki ne kawai. Wata goma sha uku ke nan."